Allura da Alƙalami: Littafin Shagona na Shekara Guda

7 Janairu 2024

Yau na sayi littafi mai kwali, irin wanda uwar adashi ke rubuta sunayen masu zubi. Shekara 19 ina riƙe da almakashi, 11 daga ciki a shagon kaina, amma da za ka tsare ni ka ce in faɗi ribar da na ci bara, sai dai in yi murmushi in ce alhamdu lillahi. Kuɗin haya ne ya tona min asiri. Ƙarshen Disamba mai shago ya aiko, na juye durowa, na duba abin da ke asusu, na haɗa, bai kai ba. Sai da na je wurin ƙanin matata na ranto ciko. Ni da keke uku ba sa hutawa a shagona, ga yara huɗu, ga mutane har bakin ƙofa. A hanyar dawowa ban ma san na wuce layinmu ba don tunani.

'Yar yayata, wadda ta karanta lissafin kuɗi, ita ta ja min layuka da rula: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi bashi, da kwana nawa kowane aiki ya ci. Ta kafa min doka ɗaya. Ta ce, "Kawu, daga yau kai ma ma'aikaci ne. Ka yanka wa kanka albashi, in ya ƙare ya ƙare. Durowar nan ba aljihunka ba ce." Na ce to.

Aikin shagon iri biyu ne. Akwai kaftani da jamfa da wando, waɗanda muke yankawa mu kai wa masu injin kwamfuta su buga aikin wuya, mu dawo mu haɗa. Akwai kuma babbar riga ta aikin hannu, wadda na koya a Birnin Zariya wurin Baffana tun ina ɗan shekara 13. Ita kullum akwai guda ɗaya a kan tabarmar da ke lungu, ni kaɗai nake taɓa ta.

4 Fabrairu

Wata guda. Ashe kuɗi ba sa ɓacewa, fita suke yi da ƙafarsu kana kallo. Shayi da burodin yara, man janareto da lita ta haura naira 600, "Yaya a taimaka da na mota", gudummawar biki, allurar keke da ke karyewa. Ba wanda ya yi girma a cikinsu, amma da aka haɗa sun kusa kamo kuɗin hayar wata biyu.

Shafin bashi ne ya fi ba ni kunya. Mutum 23, kuma babu baƙo ko ɗaya a ciki. Duk abokai ne da 'yan uwa da maƙwabta. Baƙo yana biya ya ɗauki kayansa. Na sani kuwa sai ya rataya riga a kafaɗa ya ce "sai mun haɗu", kuma kullum muna haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci, ba mai tayar da zancen.

25 Fabrairu

Na shiga Kantin Kwari sayen zare da shafi. Dala ta haura naira 1,800 a wurin 'yan canjin Wapa, kuma duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Shaddar Getzner da ake kawowa daga Ostiriya yanzu sai dai ka shafa ka wuce. Mai kantin da na saba da shi ya ce farashin safe daban, na yamma daban.

Da daddare yarinyar nan ta zo da kwakuleta ta yi abin da na daɗe ina gudu. Ta raba ribar kowane aiki da kwanakin da ya ci. Kaftani mai aikin kwamfuta, in an cire zare da maɓalli da kuɗin mai inji da na yaron da ya haɗa, yana fita a kwana biyu da ribarsa. Babbar riga mai zanen aska takwas da na gama a Janairu kwana 41 ta ci a hannuna, ban da kai wa mai zane da kai wa mabuga. Da ta raba abin da aka biya ni da 41, ya zamana ƙaramin yarona mai ɗaura maɓalli ya fi ni samu a yini.

Ta ajiye biro ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, rigar nan ita take cin ka. Ba kai kake cin ta ba."

Na so in yi gardama, amma lamba ba ta jin kunyar kowa. Na naɗe rigar da ke kan tabarma, wadda na gama linzaminta na fara aska ta farko, na sa a leda na tura saman kabad. Sai bayan Sallah.

14 Maris

Azumi ya kama ranar Litinin. Yaduka sun fara taruwa. Ban mayar da kowa ba, duk wanda ya ba da kafin alƙalami na karɓa na rubuta.

13 Afrilu

Sallah ta wuce ranar Laraba, sai yau na iya riƙe biro. In don littafi ne, ban taɓa yin wata irin wannan ba. Ɗinki 214 muka karɓa, kuɗin da ya shigo ya ninka na Janairu sau huɗu. Na biya surukina, na sallami yara da goron Sallah mai kauri, har da saura a asusu.

Amma akwai abin da layukan nan huɗu ba su da gurbin rubuta shi. Goman ƙarshe ban yi tahajjud ko dare ɗaya ba. A shago muke shan ruwa, a shago muke sahur, janareto na ruri har kunne ya daina ji. Ni kuma ban zauna a keke ba, balle allura. Na koma magatakarda: karɓi, rubuta, hau babur kai wa mai kwamfuta, dawo, ɗaga waya ka ce "an kusa, saura guga" alhali yadin ko yankawa ba a yi ba. Ƙaryar da na yi a cikin watan nan mai alfarma, Allah Ya yafe min.

Kaya 11 ba su fita ba. Guda ɗaya ne ba zan manta ba. Da asubar Sallah, ana ta kabbarori a lasifika, wani bawan Allah mai gadi a wata makaranta ya zo riƙe da hannun ɗansa. Yaron bai fi shekara shida ba, an yi masa wanka, an shafa masa mai, an sa masa sabuwar hula da sabon takalmi, sai tsohuwar singileti a jikinsa. Riga kawai suke jira. Yadinsu yana ƙarƙashin tebur yadda ya kawo shi tun 5 ga azumi, da sunansa a jiki da alli. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ce komai ba. Ya kalli yadin, ya kalli yaron, ya ce, "Ba komai, Malam. Ba ni abina." Na miƙa masa kuɗinsa, ya karɓa bai ƙirga ba. Yaron yana ta waiwayen kayan da ke rataye har suka sha kwana.

Kuɗinsa na cikin mafi ƙanƙanta a shafin, shi ya sa kullum ake tura aikinsa baya in na manya ya shigo. Ba wanda ya yanke shawarar haka. Littafin ne ya koya min kallon shafi daga ɓangaren dama, inda lambobi suke.

5 Mayu

Ciniki lafiya. Ni ne ba lafiya ba. Sai ƙarfe 10 nake isa shago, in zauna ina latsa waya. Uwargida ta ce, "Malam, da in ka dawo zancen riga kake min har in gaji. Yanzu sai dai ka ci abinci ka kwanta. Ko wani abu na yi?" Ba abin da ta yi. Ledar nan tana nan a saman kabad, ta yi ƙura.

19 Mayu

Na je Zariya gaida Baffa. Na tarar da shi a zaure a kan buzunsa, idon ya yi nauyi sosai, sai da na yi magana ya gane ni. Na tafi da ledar, ban san dalili ba. Na kwashe labarin littafi da kwana 41 na faɗa masa.

Ya ce in miƙo rigar. Bai duba gabanta ba, sai ya juya cikinta yana bin bayan ɗinkin da ɗan yatsa, yadda yake mana muna yara. A wurinsa gaban aiki na mai riga ne, bayansa na mai allura. Ya tsaya a wani wuri kusa da linzami ya ce, "Nan hankalinka ba ya wurin." Gaskiya ne, ranar na yi faɗa da mai kawo mana mai. Ya ƙara gaba ya ce, "Nan kuma ka ji daɗi." Na yi shiru. Mutumin da ba ya ganin fuskata yana karanta min watan Fabrairu daga bayan zare.

Na zaci zai ce in ƙona littafin in koma allura. Sai ya ce, "Ɗana, yarinyar nan ta fi ni hankali. Ni shekara 50 ina ɗinka wa sarakai da attajirai. Ban taɓa cewa ga kuɗin aikina ba, sai dai in ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Wani ya ba da doki, wani ya ba da godiya. Dube ni yanzu. Maganin idon nan sai ƙannenka sun haɗa." Ya ce da ya san ƙirga kwanakinsa, da yanzu yana da gidan haya ko guda.

Na ce, "To Baffa, in bari ke nan?"

Ya ce, "Na ce ka bari? Cewa na yi ka ƙirga. Kai kuma ka ƙirga abu ɗaya ka bar saura."

A Birnin Zariya yanzu mata da yawa a cikin gidaje su ne ke wannan aikin hannu, dillalai na kai musu suna karɓowa. Baffa ya ce in ina so ya haɗa ni da wasu, in riƙa ba su ina sayarwa. Wannan ma hanya ce, kuma akwai masu gwaninta a cikinsu. Sai dai ni ba rigar nake kewa ba, zaman nake kewa: bayan sallar asuba, ƙofa a rufe rabi, ba ƙarar komai sai zare yana bin shadda.

2 Yuni

Na ƙara layi uku da hannuna, sun ɗan karkace. Na farko, ranar alkawari da ranar da kaya suka fita. Na biyu, wa ya turo ka, ko ka taɓa kawo ɗinki. Na uku, awa nawa na riƙe allura yau. 'Yar yayata ta duba ta yi dariya ta ce na ukun ba a koyar da shi a makarantarsu ba. Na ce ai shi ya sa aka bar wa kawunki.

Inda muka yi sa-in-sa shi ne Babbar Sallah. Na ce ɗinki 90 zan karɓa in rufe. Ta ce za mu iya 130 in an ƙara yaro ɗaya. Na ce 90. Kuma layi za a bi, wanda ya riga kawowa shi zai riga karɓa, ko yadinsa na naira nawa ne. Na sauko da ledar, na karkaɗe ta.

20 Yuni

An yi Sallah ranar Lahadi. Duk 90 sun fita, na ƙarshe da la'asar ɗin jajibere, na rufe shago na tafi kasuwar raguna kamar kowa. Mutum 30 da wani abu na mayar, biyu sun yi fushi sosai, ɗaya ma ya ce na fara jin kai. Kuɗi bai kai rabin na Ƙaramar Sallah ba, kuma ba zan ce hakan bai taɓa ni ba. An kuma hana hawan Sallah a Kano saboda rikicin masarauta, don haka wani gida da ke kawo min kayan mahaya duk shekara bana ko leƙe.

Awannin allura tun 2 ga wata: 19.

11 Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga wata, aka sa dokar hana fita, shago ya yi kwanaki a rufe. Allah Ya tsare, ba a taɓa layinmu ba. Na zauna a gida na gama aska ta bakwai da ta takwas, na shiga tambarin baya.

Zaman banza ya sa na ɗauko littafin na bi layin "wa ya turo ka" ɗaya bayan ɗaya. Cikin sababbin mutane 47 da suka zo tun Yuni, 18 sun ce sun ga babbar riga a jikin wani a wurin ɗaurin aure ko masallacin Juma'a, suka tambayi wanda ya yi. Ba wanda ya zo neman babbar riga a cikinsu, ƙarfinsu bai kai ba, kaftani suka kawo. Amma rigar ce ta nuna musu ƙofa.

Da na nuna wa yarinyar sai ta gyara zama. Ta ce, "Kawu, ashe ba asara ba ce, talla ce. A shafin talla ya kamata mu sa ta." Ta ji daɗi don ta samo wa rigar gurbi. Ni ma na ji daɗi, amma da ɗan ɗaci. Ke nan da a ce 18 ɗin nan ba su zo ba, ba ni da hujjar zama a kan tabarmata? Ban faɗa mata ba. Na bar ta ta rubuta talla.

15 Satumba

Mai ya sake tashi farkon watan nan, a nan sai ka ba da dubu da wani abu kafin a zuba maka lita. Mun ƙara kuɗin ɗinki, an yi ƙorafi, an biya.

Rigar ta dawo daga mabuga ranar Alhamis, tana sheƙi kamar an zuba mata ruwa. Wani Alhaji da ya saba sayen aikina ya zo gani. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Nawa za a bayar?" Bakina har ya buɗe zai ce abin da ya sawwaƙa, ranka ya daɗe. Sai na tuna zauren Baffa. Na buɗe littafi na juya masa shi: ga kuɗin shadda yadi 10, ga zare, ga mai zane, ga mabuga, ga awa 163 da na yi a kanta. Na ce na yi wa kowace awa kuɗi daidai da abin da babban yarona ke samu, ban ƙara ko sisi ba. Jimillar ta ninka abin da ya saba biya har da ɗori.

Ya ce, "Kai, Malam, yaushe ka zama ɗan boko?" Ya taya ƙasa. Na ce albarka. Gabana yana faɗuwa, don ban taɓa ce wa mutumin nan albarka ba. Ya yi sallama ya tafi.

Ranar Asabar direbansa ya zo da kuɗin cif, da saƙon wai a fara masa aska biyu fara, ba gaggawa.

31 Oktoba

Fiye da mako guda Arewa ba wuta, an ce manyan layukan da ke kawo ta ne suka lalace. Masu injin kwamfuta sun ninka kuɗi saboda dizal, wasu sun rufe. Mun koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi. Kaftani bakwai sun makara, na kira masu su tun kafin ranar na faɗa musu gaskiya, kuma na rubuta su a layin saɓa alkawari duk da ba laifina ba ne. In na fara zaɓen wanda zan rubuta, layin ya tashi daga aiki.

Da aiki ya yi sauƙi, ƙaramin yaron nan mai ɗaura maɓalli ya zo ya tsuguna kusa da tabarma yana kallo. Kwana uku yana haka. Na huɗu na yanko masa ƙyalle na zana masa ɗan tambari, na ba shi allura. Ɗinkinsa kamar sawun kaza, ya soki yatsa sau biyu har ya ɓata ƙyallen da jini. Na juya bayan na nuna masa inda ya ja zare da ƙarfi. Ya ce, "Maigida, ta ina ka sani?" Na ce zai gane.

Awannin da nake koya masa ban san a wane layi zan sa su ba. Na sa a na allura.

5 Janairu 2025

Mun zauna da 'yar yayata mun rufe shekara. An biya haya ranar 20 ga Disamba daga asusun shago, ba rance. Masu bashi sun sauko daga 23 zuwa 9, huɗu na yafe musu don na san halin da suke ciki, na kuma rubuta cewa yafewa na yi, ba mantawa ba. Daga Yuni zuwa yau alkawari 12 muka saɓa cikin 388. Babbar riga biyu kacal na gama a shekarar, ta uku tana kan tabarma. Ribar da ta rage bayan albashina ba ta kai yadda na yi mafarki ba, kuma in aka auna ta da farashin buhun shinkafa sai ta ƙara ƙanƙancewa. Ta ce da mun karɓi 130 a Babbar Sallah da yanzu mun sayi injin wibin sabo. Gaskiyarta ne.

Abu biyu ke gabana. Babban yarona ya ce yana so ya koma wurin masu kwamfuta ya koyi sarrafa injin, can ne gaba take. Ban hana shi ba, na ce ya bari a sha ruwa tukuna. Na biyu, na fara ganin zare biyu-biyu in na wuce awa ɗaya a kan baƙar shadda. Na je an auna, an ba ni tabarau. Na buɗe sabon shafi a bayan littafin na rubuta "Ido" a samansa, duk wata zan riƙa ware wani abu a ciki.

Azumi zai kama farkon Maris. Ita ta ce 170, ni na ce 140, ba mu daidaita ba tukuna. Na yi ta cigiyar mai gadin nan, aka ce an mayar da shi wata makaranta wajen Kurna. Ranar Asabar zan je da yadi huɗu da tef, in ya yarda in auna yaron, don awon bara ba zai yi masa ba yanzu.